Kututturan Baba Tsoho

A gaɓar gabas ta tafkin Kainji, a wani ƙauye tsakanin Yelwa da Wara, an yi wani dattijo da yara da manya suke kira Baba Tsoho. Jikokinsa ne suka fara kiransa haka, suna ya bi gari, har sa'o'insa suka karɓa. Ba a ƙauyen aka binne cibiyarsa ba. A wani gungu aka haife shi, tsakiyar Kwara, cikin tsibiran da Gungawa suka zauna tun kaka da kakanni suna noman albasa da gero, suna kafa gura a bakin ruwa. Yana saurayi aka fara ginin madatsar Kainji a 1964. Da aka gama ta a 1968, ruwa ya fara hawa. Ya ci fadamu, ya ci gonaki da maƙabartu, ya haɗiye tsohuwar Busa ɗungurungum. Mutum fiye da 40,000 aka tasa daga mazauninsu aka kai su tudu, cikin gidajen siminti da gwamnati ta gina. Baba Tsoho da amaryarsa, da goyon fari a bayanta, suna cikinsu.

Mutane aka kwashe, da awakinsu da hatsin rumbunansu. Itatuwa kuwa a wurare da yawa an bar su tsaye inda suka tsiro. Shekarun farko sai ka ratsa da kwalekwale ta tsakanin kawunan giginya, balbelu na sheƙa a rassan tsamiyar da ruwa ya kai mata wuya. Daga baya ganye ya zube, rassa suka bushe suka kakkarye. Kuka ce ta fara narkewa, don jikinta ba ƙwari. Kirya da tsamiya da giginya kuwa ba sa jin ruwa. Gindinsu ya tsaya daram a ƙasa, kai a fiƙe, yana jiran cikin jirgi.

Abin da ya ƙara ɓata lamarin shi ne tafkin ba ya zama wuri ɗaya. Sau biyu Kwara take kawo ruwa a shekara. Na farko na damina ne, mai laka, fari-fari, yakan iso daga Agusta zuwa Oktoba. Na biyu shi ne wanda ya sauka a tsaunukan Gini, ya yi watanni yana yawo a fadamun Mali har lakarsa ta kwanta, sannan ya iso nan cikin sanyin hunturu, garai-garai, mai duhu. Daga cikar tafki zuwa ƙarshen janyewarsa ruwa kan sauka kusan mita 10. Don haka kututturen da ka wuce ta kansa lafiya lau a Janairu, a Mayu yana iya zama kamu ɗaya ƙarƙashin ruwa. Ido ba ya ganinsa, katako kuwa ba ya kuskure shi.

Baba Tsoho yana da wani amini. Tare aka yi musu kaciya, tare suka koyi iyo. Shekara kaɗan bayan tashinsu, wata ranar kasuwa da sassafe, aminin ya cika kwalekwale da buhunan albasa ya nufi Yelwa. Bai yi nisa ba jirgin ya hau kan tsamiyar ƙofar masallacin tsohon gungunsu, wadda a inuwarta suka yi karatun allo. Katako ya tsage, nauyin albasa ya ja jirgi ƙasa, igiyar buhu ta harɗe ƙafar mutumin. Sai washegari aka ga gawarsa.

Ana gobe abin zai faru Baba Tsoho ya bi ta wurin. Ya ga yadda ruwa yake ɗan murɗawa a kan tsamiyar, ya gane ta, ya karkata filafili ya kauce mata. Ya dawo gida ya ci tuwo ya kwanta, bai ce wa kowa uffan ba. Ba mugunta ba ce. A zatonsa duk ɗan gungu ya san inda tsamiyar take.

Ana shafa fatihar sadakar uku ya miƙe. Ya ɗauki goran da ya fi girma a gidansa, ya toshe bakinsa ya liƙe da ƙaro, ya tuƙa zuwa wurin. Ya nutsa ya ɗaure igiya a wuyan tsamiyar, ya bar mata sarari don ranar da ruwa zai cika, gora ya tsaya yana yawo a sama. Bayan tsamiya sai kiryar gidan maƙeri, sai giginyoyin bakin mashaya, sai ɗorawar da ke kan hanyar gona. Daga wannan shekarar, duk lokacin da ruwa ya janye har kututture ya kusa leƙowa, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya canja igiyar da ta ruɓe, ya maye gurbin goran da ya fashe.

Kada mai karatu ya ɗauka baƙin ciki ne ya riƙe shi a kan ruwa duk tsawon shekarun nan. Baƙin ciki shi ya tura shi ranar farko. Abin da ya hana shi gajiya daban ne: mutumin yana son iska, son da har mutane suke yi masa dariya a kai.

Tafkin ya zo wa mutanen gungu da faɗin da ba su saba da shi ba. Da can kogi ne mai rassa, ka dafa gwangwala ka tsallaka kafin ka gama waƙa ɗaya. Yanzu ruwa ya miƙe fiye da kilomita 130, a wani wurin faɗinsa ya haura kilomita 20. Gwangwala ba ta taɓa ƙasa, filafili kuma yana cin kafaɗa. Da yawa suka bar ruwa suka rungumi noman tudu. Shi kuwa wata rana ya hangi wasu baƙin masunta da suka gangaro daga wajen Gaya sun tsayar da sanda a tsakiyar jirgi sun rataya tabarma, suna zaune hannu a cinya, jirgi na tafiya da kansa. Daren nan barci bai ɗauke shi ba. Ya tara buhuna ya farke su, ya zauna da basilla yana haɗawa, har ya sami ƙyalle mai faɗin ɗaki. Ranar da ya fara ɗaga shi, iska ta cika shi ya kumbura, yaran bakin ruwa suka bi gaɓa da gudu suna ihu wai jirgin Baba ya sa babbar riga. Sunan da ya zauna ke nan. An canja buhunan ba iyaka, daga na algarara zuwa na takin zamani, sunan bai canja ba.

Ya koyi halin iska har ya fi sanin ta da halin maƙwabtansa. Da hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, ta ɗauke shi daga gaɓarsu ta miƙa shi hayin Borgu. Da damina ta juya ta taso daga kudu maso yamma, ta tura shi sama zuwa Yelwa ba tare da ya tsoma filafili ba sai don gyara kan jirgi. Babbar riga ba ta tafiya gaba da iska. In iska ta ƙi, sai a naɗe ƙyalle a koma hannu, ko a ɗaure jirgi a jira. Hadarin bazara kuwa daga gabas yake tasowa, kuma yana aiko da manzo: zafi ya ɗauke kwatsam, wani sanyi ya taɓa ƙeya, fuskar ruwa ta yi duhu daga nesa. Wanda bai sauke ƙyalle a wannan lokacin ba, hadari zai sauke masa shi har da jirgin.

Sau da yawa ba shi da wani uzuri. La'asar ta yi sanyi, ya ji ganyen darbejiyar ƙofar gida ya fara motsi, sai ya ɗauki hula.

"Malam, ina kuma za ka?" in ji matarsa.

"Zan je in duba ko iska tana nan."

"In ka same ta ka ce ta biya kuɗin cefane."

Ya fita yana dariya. Can tsakiyar ruwa zai kishingiɗa a ƙarshen jirgi, igiyar ƙyalle naɗe a babban yatsan ƙafarsa, filafili a hammata, ba ƙarar komai sai ruwa yana tsagewa a gaban katako. Wanda ya taɓa shiga jirgin a irin wannan yammacin ya san dalilin da ya sa tsohon bai taɓa sha'awar inji ba.

Jirgin nan kuma na kowa ne. Naƙuda ta gardama cikin dare, ƙofarsa ake bugawa. Maciji ya sari yaro a gona, shi ne. Gawa za a tsallakar wa dangi a hayi, shi ne. Mara lafiya da mamaci da ɗalibi ba ya karɓar musu kuɗin fito, kuma ba ya son a yi ta godiya. In aka matsa, sai ya ce a gode wa iska, ita ta yi aikin.

Da ƙarfinsa ya fara raguwa, nutso ya gagare shi, sai ya jawo ɗaya daga cikin jikokinsa, wani yaro mai dogon numfashi. Shi yake kira abokina. Zuwa lokacin an daina amfani da gora. An gwada jarka, masu buƙatar jarka suka riƙa kwancewa. Daga ƙarshe tsohon ya gano abin da ba mai sata: robobin lemo da aka zubar a kasuwa, a rufe bakinsu tam, a cusa goma ko fiye cikin tsohuwar raga a ɗaure. Ba kyan gani, ba kuɗi, ga shi ana hango su daga nesa.

Yadda yake gano kututture a cikin ruwan da ba alama shi ne abin da ya fi ba yaron mamaki. Tsohon ba ya duban ruwa, gaɓa yake duba. "Abokina, ka ga hasumiyar masallaci? Bari ta shiga tsakanin duwatsun can biyu. Yauwa. Yanzu waiga hagu. In kukar makaranta ta rufe rufin ɗakin shan magani, to kana bisa kiryar gidan maƙeri. Faɗa." Yaro ya faɗa da igiya a baki, ya taso yana tari, hannunsa duk gansakuka.

Wata rana yana rawar sanyi a cikin jirgi ya ce, "Baba Tsoho, wai wa yake biyanka wannan aikin?"

"Kai wa kake biya da kake cinye mini tuwo?"

"Allah da gaske nake."

Tsohon ya ɗan yi shiru yana naɗe igiya. "Ka ga jirgin can da ya wuce cike da mata? Sun isa gida. Ba su san mun fito ba. To, shi ke nan." Ya miƙa masa ƙuli-ƙuli, ya ce ya goge hanci.

Matarsa, wadda jikoki suke kira Kaka, ba ta taɓa raina aikin ba, amma akwai abin da ta daɗe tana faɗa masa. "Malam, ka kira gayya. Ka sa Sarkin Ruwa ya yi shela, kowane gida ya ba da mutum." Shi kuwa sai ya ce kowa yana da abin da ya dame shi, aikin kwana goma ne kacal, me zai sa ya bi gida-gida yana roƙon mutane. Ta ce ba don shi take faɗa ba. Ya ce ya ji. Shekara ta zagayo, ya ɗauki jikansa su biyu su fita.

A nan ni ina bayan tsohuwa. Baba Tsoho mutum ne mai kunyar tambaya, kuma akwai wani daɗi da mai alheri yake ji in ya yi abinsa shi kaɗai ba wanda ya sani. Daɗin halal ne, ba mai hana shi. Amma ruwan nan ba nasa ba ne shi kaɗai, kuma shekarunsa ba za su kai na kirya ba.

Zamani ya juya. Manyan jiragen katako masu injin Yamaha suka cika tafki, suna ɗaukar mutum da babur da buhu su kai kasuwa su dawo kafin azahar. Matuƙansu samari ne da aka haifa a tudu, ba wanda ya taɓa taka gungu a cikinsu. Sa'o'in Baba Tsoho da suka san abin da ke ƙarƙashin kowane gora suka riƙa tafiya ɗaya-ɗaya. Samarin suna kauce wa robobin, amma a zatonsu alamar mamari ce, suna gudun igiya ta naɗe musu farfela. Ya sha gaya musu itace ne. Su ce to Baba, su tayar da inji. Maganar da kunne ya ji hannu bai taɓa ba, ba ta daɗewa. Akwai wani mai inji, jikan maƙerin tsohon gungu, mai yawan barkwanci, da yakan rage gudu in ya zo wuce babbar riga ya ɗaga murya: "Baba, mamarinka ya cika tafki, amma ba mu taɓa cin kifinka ba!" Fasinjoji su bushe da dariya, tsoho ya ɗaga musu hannu.

A watan Mayu na 2021 labari ya zo daga wajen Wara. Wani jirgi da aka yi wa lodin da ya fi ƙarfinsa, ɗauke da mutum fiye da 150, ya tsage a tsakiyar ruwa, kaɗan ne suka fita da rai. Duk ƙauyukan bakin tafki aka shiga makoki. Baba Tsoho ya wuni a bakin ruwa bai ci komai ba. Da daddare ya ce wa Kaka bana in ruwa ya janye zai je wurin Sarkin Ruwa a kan maganar gayya. Ta ce Allah ya sa. Da lokacin ya zo jikan ya dawo hutu daga Sabuwar Busa, inda yake karatu a kwalejin kiwon kifi ta tarayya, iska kuma ta yi daɗi, sai suka fita su biyu yadda suka saba. Maganar gayya aka bar ta sai baɗi.

Bai ga baɗin ba. Cikin hunturu zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana shida Allah ya karɓi abinsa.

Ba a taɓa ganin taron ta'aziyya irin nasa a ƙauyen ba. Daga hayi jirage suka yi ta zuwa. Wata mata ta zo da saurayi ta ce wannan a cikin jirgin Baba ta haife shi, tsakiyar ruwa, tsohon ya juya baya yana ta salati har yaro ya yi kuka. Wani malamin makaranta ya ce shekara uku yana tsallakar da shi kyauta. Masu dariyar babbar riga suka zauna suna share hawaye. Kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa, aka yi addu'a Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Har aka tashi daga zaman bakwai ba wanda ya ambaci robobin da ke yawo a kan ruwa. Jikan ma bai ambata ba. Ya naɗe babbar riga ya ɗora a rafta, ya koma makaranta.

Igiya ba ta san an yi rasuwa ba. Damina ɗaya ta wuce, wasu suka tsinke. Hunturu ya zo da igiyar ruwa, ya tafi da wasu. Masu inji suka ga hanya ta buɗe, suka ji daɗi, suka ce mamarin Baba ya bi mai shi. Suka daina zagaye, suka miƙe hanya sak.

Ranar wata kasuwa, ruwa ya ja baya sosai, mai injin nan ya taso da mutane da buhunan masara. Suna cikin gudu aka ji wata ƙara, jirgi ya tsaya cak, mutane suka zube kan juna. Ruwa ya fara tsartuwa ta ƙasa. Allah ya taimaka masunta suna kusa, gaɓa kuma ba nisa. Aka yi ta jan mutane cikin kwalekwale. Wata jaririya ta suɓuce daga bayan uwarta, wani yaro ya cafko ta ta zani, aka juya ta ƙasa ta amayar da ruwa, ta tsala kuka. Ba a rasa rai ba. Masara da babura biyu da jirgin kansa suka tafi.

Da dare aka taru a zauren Sarkin Ruwa. Mai inji yana zaune a ƙasa, rawar jiki ba ta sake shi ba. "Wallahi tun ina karen jirgi nake bin wurin nan," ya ce, "ban taɓa sanin akwai itace ba." Wani ya ce a rubuta wa hukumar kula da hanyoyin ruwa ta zo ta tumɓuke itatuwan. Wani ya ce kafin takarda ta je Lokoja ta dawo an yi kasuwa nawa? Ana cikin haka aka ji sallamar mace a ƙofa. Kaka ce, da sandarta, jikan yana riƙe da hannunta, don ta aika an kira shi tun da rana.

"Sarki, a gafarce ni, na shigo zancen maza."

"Iya, zaure naki ne. A ba ta tabarma."

Ba ta zauna ba. Ta dubi mai inji. "Ɗan nan, ka ce ba ka sani ba. Gaskiyarka. Shekara hamsin Malam yana ɗauke muku kaya har kuka manta akwai kaya. Na gaya masa, bai ji ba, Allah ya yafe masa. Ku kuma kun ga tsoho yana fita da yaro cikin sanyi, ba wanda ya taɓa cewa Baba kawo in riƙe maka igiya. Allah ya yafe muku. Yanzu ga ruwa ya janye. In ya dawo ya rufe, sai wata shekara."

Zaure ya yi tsit. Liman ya gyara murya ya tunatar da su cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce a addini, kuma su mutanen bakin tafki ba su da hanyar da ta wuce ruwa. Sarkin Ruwa ya juya ga jikan ya tambaye shi ko ya riƙe wuraren. Saurayin ya sunkuyar da kai. Ya ce ya riƙe wasu, amma ba su kai rabi ba. Shi nutso yake yi, tsoho ne mai duban gaɓa. Kuma kukar makaranta da ake auna wasu da ita iska ta kayar da ita bara.

"Maigida, ka san inda tsamiyar masallaci take?" in ji Kaka.

"Na sani, Kaka."

"To kai ni kanta. Sauran ni na sani."

Aka dubi juna. Kowa a garin ya san tun ranar da aka taso su a 1968 tsohuwar ba ta yarda jirgi ya bi da ita ta kan gungu ba. Ko Yelwa za ta, sai a zagaya ta gefen gaɓa. Mahaifiyarta tana kwance a ƙarƙashin ruwan nan, ta ce ba za ta taka kanta ba.

Dabarar da aka yanke ita ce a haɗa kwalekwale biyu da doguwar igiya, a ɗaura mata duwatsu ta nutse, a ja ta a hankali har ta kama itace. Aka gwada da inji, ya cika fizga, igiya ta tashi sama. Aka gwada da filafili, jirgi ɗaya ya riga ɗaya. Jikan ya shiga ɗaki ya sauko da babbar riga daga rafta, ya kakkaɓe ƙura. Iskar damina da safe ba ta da gaggawa, tafiyarta ɗaya ce. Sai dai jirgi biyu ne, riga ɗaya. Daren nan aka ga mai inji a ƙofar gidan Baba Tsoho, fitila a gefe, basilla a hannu, yana haɗa buhunan taki, jikan yana nuna masa inda ake ninka baki don kada ya yage.

Da asuba aka ɗauki Kaka aka zaunar a tsakiyar jirgi, aka sa mata rigar ruwa da jikan ya zo da ita daga makaranta. Aka ɗauko wasu tsofaffi biyu da suka rage cikin 'yan gungu, ɗaya makaho. Da aka iso kan tsamiya ta ce a tsaya. Ta yi wa mahaifiyarta addu'a, da duk waɗanda ke kwance a wurin, aka shafa. Sannan ta ce a juya ta ta ba gabas baya.

"Nan ƙofar masallaci ce. In ka miƙe, taki kamar arba'in, kanyar gidan ungozoma. A can muke tsintar kanya kafin awaki su riga mu. Ku tafi."

Aka saki ƙyalle. Jirage biyu suka tafi kafaɗa da kafaɗa, igiya na jan ƙasa. Ba a jima ba ta yi tauri, jiragen suka karkato suna neman haɗuwa. Wani saurayi ya faɗa ruwa, ya taso yana ihu: "Ga ta! Wallahi ga ta!"

Ita ba ta taɓa tuƙa jirgi ba, ba ta san hasumiya da duwatsun hayi ba. Da ƙafa ta san gungun. Ta san ɗorawar da take roron kalwa a ƙarƙashinta, da giginyar da 'ya'yanta suka taɓa fasa mata tulu, da maɗacin da ake sassaƙo wa mai ciwon ciki. Inda ta yi shakka, makahon ya karɓa. Suka yi ta gardama a kan giginyoyin mashaya, ita ta ce uku ne, shi ya rantse huɗu ne, ta ce ta huɗun tsawa ta kashe ta tun kafin aurenta, ya ce tsawa ta kashe kai ne, gindi yana nan. Aka ja igiya, gindi yana nan. Tsohon ya yi ta murna har da tafi, samari suna dariya, suna tambayar wane ne ungozoma, ina ne mashaya, gidan kakansu ta wane gefe yake.

Daga wannan tambayar ce Sarkin Ruwa ya sami bakin zaren. A gungu kowane itace mai amfani da mai shi, ana gadonsa yadda ake gadon gona. Ya ce to gado bai faɗi ba don ruwa ya rufe shi. Duk itacen da aka gano, a nemi gidan da ya gaje shi. Wanda da shi zai ci 'ya'yan, shi zai ɗaura robobin, shi zai canja igiya duk shekara, kuma ba zai fita shi kaɗai ba, sai da yaro daga gidansa da wani daga gidan maƙwabci. Itacen da zuriyar mai shi ta ƙaura, na masu inji ne, su raba. Jikan ya kawo littafi yana rubuta sunan itace da gidan da ya karɓa da abin da ake aunawa da shi a gaɓa, aka ce a ajiye ɗaya a wurin liman, ɗaya a makaranta.

A rana ta huɗu aka zo wurin da jirgi ya fashe. Igiya ta kama. Mai inji da kansa ya nutsa, ya daɗe, ya taso da ɓallin katakon jirginsa da ya samu maƙale a kan itacen.

"Iya, wannan fa? Ta wane gida ce?"

Kaka ta dube shi. "Kirya ce. A tsakar gidan maƙeri take. Kakanka ya hana a sare ta, ya ce ko gawayi ya ƙare a duniya ba za a taɓa ta ba, don a gindinta aka raɗa wa ubanka suna."

Mutumin ya riƙe gefen jirgi, ruwa na zuba daga gemunsa, ya kasa magana. Can ya ce a miƙo masa igiya. Ya kira ɗansa da ke ɗaya jirgin, ɗan shekara goma sha biyu, ya ce ya tuɓe riga ya biyo shi ya ga yadda ake ƙullin.

Da suka gama rana ta yi tsaka, gabas kuma ta fara haɗa gira. Sarkin Ruwa ya ce a sauke ƙyalle a koma gida, ai an gama.

"Wa ya ce an gama?" in ji Kaka. "Akwai kanya biyu a bayan maƙabarta, da tsamiyar gidan su Malam. Gobe in an sallame asuba ku zo ku ɗauke ni. Kuma a ƙaro robobi, waɗannan ba za su isa ba."